Ruwa, Yashi da Kwaɗayin Tuta

Da yammacin Lahadi, 18 ga Yulin 1999, a filin golf na Carnoustie da ke gaɓar gabashin Sukotlan, wani Bafaranshe mai suna Jean van de Velde ya zauna a bakin rafi, ya cire takalmi da safa, ya nannaɗe wando har gwiwa, ya gangara cikin ruwan sanyi. Ƙwallonsa na kwance a cikin rafin, ya riƙe ƙugu yana kallonta, dubban 'yan kallo kuma suna kallonsa. Mintuna kaɗan kafin haka ya iso rami na ƙarshe da ratar bugu uku tsakaninsa da mai bi masa. Ƙa'idar ramin bugu huɗu ce, amma ko shida ya yi, kofin gasar Open ya zama nasa, kofin da rabon wani Bafaranshe da shi tun 1907, zamanin Arnaud Massy.

Ga yadda abin ya kwaɓe. Ya zaro babbar sanda ya yi bugun farko, ƙwallon ta karkace dama sosai, amma Allah ya taimake shi ta tsallake ruwa ta sauka a wuri mai kyau. A nan hanya biyu ke gabansa. Zai iya tura ƙwallon gaba kaɗan ya ajiye ta kafin rafin, ya ɗaga ta zuwa farfajiyar rami a bugu na uku, ya ƙarasa a natse. Ko kuma ya nemi farfajiyar kai tsaye. Ya zaɓi ta biyu, ya ɗauki sandar ƙarfe mai lamba biyu. Ƙwallon ta daki ƙarfen rumfar 'yan kallo, ta yi tsalle ta dawo baya, ta nutse a ciyawa mai kai gwiwa. Daga cikin wannan ciyawar ya sake neman tsallake rafin, sai ta faɗa ciki. Da ya ga ruwan na ƙaruwa yana rufe ƙwallon, ya haƙura ya fito, ya karɓi tarar bugu ɗaya. Bugu na biyar ya faɗa ramin yashi. Ya fito, ya jefa na bakwai. Aka tafi wasan raba gardama na mutum uku, shi da Justin Leonard da Paul Lawrie, kuma Lawrie, wanda ya wayi gari da ratar bugu goma a bayansa, shi ya ɗauke kofin.

An daɗe ana ba da labarin nan kamar abin dariya. Bai kamata ba. Dawowar ƙwallon daga rumfa tsautsayi ne da ba kasafai ake ganinsa ba, domin da ta tsaya a cikin rumfar, doka za ta ba shi damar ɗauko ta ya ajiye a gefe ba tare da tara ba. Inda za a kama shi da laifi shi ne sau biyu yana da hanyar tsira a buɗe, bayan bugun farko da kuma bayan na biyu, kuma sau biyun ya zaɓi bugun da sai komai ya tafi daidai zai yi nasara. Mutumin da bugu shida ya ishe shi ya yi wasa kamar wanda sai ya yi huɗu.

Ga wanda bai saba da wasan da gidajen rediyo kan kira ƙwallon lambu ba, tsarinsa mai sauƙi ne. Fili na da ramuka 18. Wanda ya kammala su da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Ɗan wasa na da izinin ɗaukar sanduna har 14, kowacce da nisan da take kaiwa. Tsakanin wurin bugun farko da rami akwai hanya mai gajerar ciyawa, gefenta doguwar ciyawa, sannan ramukan yashi, da ruwa, da iyakar fili. Kowane tarko da farashinsa. Ruwa tarar bugu ɗaya ne. Fita daga iyaka ya fi tsada, domin ban da tara, sai mutum ya koma inda ya bugo. Ramin yashi ba shi da tara a rubuce, amma ba a yarda ka taɓa yashin da ke gaba ko bayan ƙwallo da sanda kafin bugu ba. Wannan doka ce ta ci Dustin Johnson tarar bugu biyu a rami na ƙarshe na gasar PGA ta 2010 a Whistling Straits, ta hana shi shiga wasan raba gardama, don bai gane cewa yashin da 'yan kallo suka tattake ramin yashi ne ba.

To amma sanin farashin tarko abu ne da kowa zai iya haddacewa. Abin da ke raba gwani da gwani shi ne sanin yadda hannunsa ke kuskure. Babu ɗan wasan da ke sauke ƙwallo daidai inda ya nufa. Idan gwani ya buga ƙwallo ashirin da sanda ɗaya zuwa wuri ɗaya, za su warwatsu ne kamar an watsa gero a tsakar gida, wasu hagu, wasu dama, wasu sun gaza, wasu sun zarce. Aikinsa shi ne ya ɗora wannan watsin a kan filin ta yadda mafi ƙarancinsa zai faɗa ruwa. Sau da yawa hakan na nufin kauda ido daga tutar da ke nuna rami. Kuma babu abin da ya fi wannan wuya ga mutumin da ya shekara ashirin ana gaya masa shi gwani ne.

Babu ramin da ya fi koyar da wannan darasi kamar na 12 a Augusta, a jihar Jojiya ta Amurka, inda aka saba yin gasar Masters a watan Afrilu. Shi ne mafi gajarta a filin, yadi 155 kacal, ƙa'idarsa bugu uku. Yaro mai shekara goma sha biyar zai iya kai ƙwallo can. Amma rafin Rae na kwance a gaban farfajiyar, farfajiyar kuma siririya ce, an shimfiɗa ta a karkace, ɓangarenta na dama ya fi na hagu nisa daga mai bugu. Ga ramin yashi ɗaya a gaba, biyu a baya. Iska kuma takan shigo ta saman itatuwa ta yi ta juyi, har a ga tutar rami na 11 na kaɗawa wani gefe, ta 12 na kaɗawa wani. Ranar Lahadi, ranar ƙarshe, a dama ake kafa tuta. Wannan ba haka kawai ba ne. Mai bugu da hannun dama, idan ƙwallonsa ta zame dama, yawanci takan rasa ƙarfi ta gaza, kuma a daidai wurin ne ake bukatar ƙarin nisa don tsallake ruwa. Ƙwallon da ta gaza da taku biyu takan sauka a gangaren da aka aske ciyawarsa ƙwal, ta gangaro a hankali ta faɗa rafi, mai ita na tsaye yana kallo.

A 2016 Jordan Spieth, mai riƙe da kambu, ya gama rami na tara da ratar bugu biyar. Ya yi tuntuɓe a na 10 da na 11, ya zo na 12 yana son ya gyara. Ƙwallonsa ta zame dama ta faɗa ruwa. Ya ajiye wata, sandar ta haƙi ƙasa kafin ta taɓa ƙwallo, ita ma ta faɗa ruwa. Ya fita da bugu bakwai. Da yamma, bisa al'adar gasar, shi da hannunsa ya sanya wa Danny Willett ɗan Ingila koren kwat ɗin zakara.

Bayan shekara uku, ranar 14 ga Afrilun 2019, ramin ya sake yin aikinsa, wannan karon a kan mutum huɗu cikin ƙasa da rabin sa'a. Brooks Koepka da Ian Poulter, a rukunin da ke gaba, duk sun jefa a ruwa. Francesco Molinari, wanda ke gaba da bugu biyu kuma bai cika kuskure ba duk makon, ya biyo sahunsu. Sai Tiger Woods, mai shekara 43, wanda aka yi wa tiyatar baya sau huɗu, ya tsaya. Bai kalli tutar ba. Ya nufi saman ramin yashin gaba, ya sauke ƙwallon can hagu, nesa da rami, ya yi ƙananan bugu biyu ya fita da uku. Tony Finau da ya buga bayansa ya faɗa ruwa. Woods ya ci gasar da ratar bugu ɗaya, babban kofinsa na 15, na farko tun 2008. Bugun nan na rami na 12 ba ya cikin waɗanda ake maimaitawa a talabijin don ƙayatarwa, amma a nan gasar ta juya. Kuma don kada a ɗauka akwai wanda ya gama da ramin, a Nuwamban 2020 shi Woods ɗin ya jefa ƙwallo uku a rafin, ya fita da bugu goma.

Yashi kuma nasa salon daban ne. Ruwa yakan karɓi tararsa ya sallame ka. Yashi yakan riƙe ka yana ba ka fata. A tsohon filin St Andrews da ke Sukotlan, inda ake wasan tun ƙarni na 15, akwai ramukan yashi 112, yawancinsu ƙanana masu zurfi, bangonsu a miƙe kamar na rijiya, an gina shi da yankakkiyar ciyawa bisa juna. Mafi shahara shi ne na rami na 17, wanda ake kira Ramin Hanya. Bugun farko sai ya bi ta saman kusurwar wani otal, mai bugu bai ganin inda ƙwallon za ta sauka. Farfajiyar doguwa ce siririya, ramin yashi ya ci cikinta ta hagu, titi da katangar dutse na bayanta. A gasar Open ta 1978, Tommy Nakajima ɗan Japan ya hau farfajiyar da bugu biyu, yana cikin masu neman kofi. Ya gangara ƙwallon zuwa rami, gangaren ya ɗauke ta ya zuba a yashi. Sai da ya yi bugu huɗu kafin ya fito, ya tashi da bugu tara. A gasar Open ta 2000 David Duval ma bugu huɗu ya yi a cikin wannan ramin. Fita ta gefe ko ta baya tana nan kullum, amma tana nufin mutum ya juya wa tuta baya a gaban jama'a, kuma girman kai ba ya son haka.

A wannan gasar ta 2000 ce Woods ya buga ramuka 72 bai shiga ramin yashi ko ɗaya ba, ya ci da ratar bugu takwas. A 2006 a Hoylake, kusa da Libaful, watanni biyu bayan rasuwar mahaifinsa, ya tarar zafi ya ƙone ciyawa, ƙasa ta bushe ƙwallo na gudu kamar a kan daɓe. Ya duba ya ga babbar sanda za ta kai shi daidai inda ramukan yashi suke. Sau ɗaya tak ya zaro ta a kwana huɗu. Ya riƙa ajiye ƙwallo kafin tarkon da sandunan ƙarfe, ya yarda bugunsa na biyu ya yi nisa, ya ci da ratar biyu.

Daga nan wani zai ce, ashe dabarar ita ce taka-tsantsan. A'a, kuma a nan ne maganar ta fi daɗi. Mark Broadie, malami a Jami'ar Columbia da ke New York, ya bi diddigin miliyoyin bugu na ƙwararru, ya fitar da littafi a 2014. Abin da ya gano ya saɓa wa abin da aka daɗe ana faɗa a filaye: kusan kashi biyu cikin uku na fifikon manyan 'yan wasa daga dogayen bugu yake zuwa, gangara ƙwallo a farfajiya kuwa bai wuce kashi 15 cikin ɗari ba. Kusanci da rami dukiya ce, wanda ya yar da ita don tsoro kawai ya yi asara. Bryson DeChambeau ya ɗauki wannan lissafi ya kai shi ƙarshe a gasar US Open ta 2020 a Winged Foot, filin da ciyawarsa ke haɗiye ƙwallo. Ya riƙa dukan babbar sanda iya ƙarfinsa, hanya 23 kawai ya samu cikin 56, amma da yake yana kusa da farfajiya, gajeruwar sanda na fitar da shi daga ciyawar. Ya ci da ratar shida, shi kaɗai ya gama ƙasa da ƙa'ida.

A wannan filin dai, shekara goma sha huɗu kafin nan, Phil Mickelson ya zo rami na ƙarshe yana bukatar bugu huɗu ya ci, biyar ya je raba gardama. Babbar sandarsa ta ƙi shi duk yini, amma ya sake zaro ta. Ƙwallon ta daki rumfar baƙi. Maimakon ya fito da ita hanya, ya nemi lanƙwasa ta ta gefen itace, ta daki itacen. Ya tashi da shida, Geoff Ogilvy ya ci. Garin neman gira ya rasa ido. Sanda ɗaya ce, fili ɗaya ne. Bambancin shi ne DeChambeau ya lissafa tun kafin gasa cewa kuskurensa ciyawa zai kai shi, kuma ya san zai iya biyan wannan kuɗin. Mickelson ya riga ya yi kuskuren, sannan ya ƙi biya.

Shi kansa ajiye ƙwallo kafin ruwa ba laya ba ce. A 2007 Zach Johnson ya ci Masters ba tare da ya nemi farfajiya da bugu biyu a ko ɗaya daga dogayen ramuka masu ƙa'idar biyar ba, kuma ya fita daga cikinsu da ragin bugu 11, domin gajeren bugu shi ne ƙarfinsa. A 2010 Mickelson ya tsaya a cikin itatuwa a rami na 13, ɗaya daga cikin dogayen ramukan nan, ya harba ƙwallo ta tsakanin itace biyu, ta tsallake rafi ta tsaya dab da rami, ya ci gasar. A 2025 Rory McIlroy ya zo wannan rami na 13 yana kan gaba, ya yi abin da kowane malami zai ce ya yi, ya ajiye kafin ruwa. Sai ya jefa ɗan gajeren bugun da ya rage cikin rafin. Daga baya ya farfaɗo ya doke Justin Rose a raba gardama. Mutum uku, rami ɗaya, kuma babu amsar da ta dace da dukansu.

Wannan shi ne abin da ya sa rami ya zama mai kyau, kuma masu zana filaye sun daɗe da rabuwa a kansa. Wani ɓangare na ganin aikin tarko hukunci ne: ka kauce, ka sha. Filin Oakmont a Pennsylvania, wanda Henry Fownes ya gina a 1903, shi ne babban misalinsu. Ɗaya ɓangaren, su Alister MacKenzie da Bobby Jones da suka zana Augusta suna koyi da St Andrews, na ganin a bar hanya da faɗi, a ajiye tarkon daidai inda mutum zai fi son ƙwallonsa ta sauka. Wanda ya matsa kusa da haɗari ya samu sauƙin bugu na gaba. Wanda ya nisance shi ya tsira yanzu, ya biya daga baya. Wannan ra'ayi na biyu shi ya fi gaskiya. Tarkon da ke hukunta mai rauni kawai ba ya tambayar kowa komai, sai dai ya kori sabon shiga daga wasan. Tarkon da ke jarabtar gwani shi ke sa dattijo mai shekara saba'in da zakaran duniya su buga rami ɗaya, kowa da hanyarsa, kowa ya ji daɗi.

Masu wasa a filayen Arewa sun san wani abu daga wannan da jikinsu. A Rayfield ta Jos, wadda ta samo asali tun zamanin haƙar kuza, da filayen Kaduna da Kano da Zariya, fili ɗaya yakan zama biyu a shekara. Da rani ƙasa ta yi tauri, ƙwallo ta yi ta gudu bayan ta sauka, ramin yashin da ba ya cikin lissafi a watan Agusta sai ya zama shi ne abin tsoro a watan Fabrairu. Da damina ciyawa ta yi kauri, ƙwallo ta tsaya inda ta faɗi, kwalbatin da ya bushe ya koma rafi. A inda aka saba wasa kan farfajiyar yashi da aka daddale da mai maimakon ciyawa, lissafin sauke ƙwallo ma daban ne. Wanda ya fi kowa sanin wannan canji yawanci shi ne yaron da ke ɗauke da jakar sanduna, wanda ya taka filin sau ɗaruruwa. Zai ce wa mai gida, ranka ya daɗe, a ajiye ta kafin kwalbati. Mai gida, da abokansa na tsaye suna kallo, sai ya miƙa hannu a ba shi babbar sanda. Van de Velde ma yana da mai ɗaukar jaka a gefensa ranar nan.

Abin damuwa yanzu shi ne tambayar da tarko ke yi ta fara rasa ƙarfi a wasan ƙwararru. Ƙwallo da sanduna na zamani sun ƙara nisa ƙwarai, har manyan 'yan wasa na tsallake ramukan yashin da aka haƙa don su tsaya su yi tunani. Rami na 13 a Augusta, wanda aka zana don mutum ya tsaya a tsakiyar hanya yana wasi-wasi ko ya tsallake rafi ko ya ajiye, ya koma wurin da ake kai wa farfajiya da gajeruwar sanda ba tare da shawara ba. Sai da masu filin suka sayi ƙasa daga maƙwabtansu, suka ja wurin bugun farko baya da yadi 35 a 2023, ramin ya koma yadi 545. Augusta na da kuɗin yin haka. St Andrews ta riga ta kai wurin bugun farko na Ramin Hanya har wajen tsohuwar iyakar filin tun gasar 2010, kuma garin da teku sun kewaye ta, wurin ja kaɗan ne ya rage.

Saboda haka matakin da hukumomin dokar wasan biyu, R&A ta St Andrews da USGA ta Amurka, suka sanar a Disamban 2023, na sauya yadda ake gwada ƙwallo don rage nisanta, mataki ne da ya dace, ko da yake wasu 'yan wasa da kamfanonin ƙera kaya sun yi ta ƙorafi. Ragin da ake magana a kai bai wuce yadi goma sha wani abu ga masu bugu mafi ƙarfi ba, mai wasan ƙarshen mako kuwa da ƙyar zai lura. Amma yadi goma sha biyar ɗin nan su ne tazarar da ke tsakanin ƙwallon da ta tsallake ramin yashi da wadda ta faɗa cikinsa, a filayen da aka zana shekara ɗari da suka wuce kuma ba su da filin ƙarawa.